Kuɗin Jar Tantan

Kwana arba'in da binne Baffa
mai rabon gado ya sauka Auyo da alƙalaminsa.
Gona an ja mata igiya,
rumbu an ƙirga damminsa,
awaki kuwa ko yaro ya san kuɗinsu a Gujungu.
Sai aka iso kan jar tantan
da ke gindin tsamiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.
Malam ya ce, ƙarfe ba ya rabuwa gida bakwai,
ku nemo mini kuɗinta.

Ɗanjummai bakanike ya fara zuwa.
Ya zaro ma'aunin baƙin mai,
ya murza a yatsa, ya shinshina,
ya kara kunne a haƙarƙarinta kamar unguwar zoma.
Ya ce, injin mutanen da ne,
ba ya mutuwa, sai dai ya yi fushi.
Amma famfon gas na hawaye,
tayar hagu faci ya fi roba yawa.
In ta tashi bugu ɗaya, miliyan biyar.
In sai an tura, ku cire ladan masu turi.

Na'iya dillali ya zo da tsakinsa a baki.
Bai dube ta ba, haro yake sata da wutsiyar ido.
Ya ce, sababbi sun cika Haɗejia,
fenti na ƙyalli, kujera da ledarta.
Wa zai sayi kaka ga jika a kasuwa?
Uku da rabi, don darajar mamaci.
Yaya Sabi'u ya ce albarka
da muryar da ba ta kai zuci ba,
domin kuɗin makarantar 'ya'yansa na bakin ƙofa.

Na uku bai yi dogon zance ba.
Ɗan gwangwan ne, da sikeli a bayan babur.
Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can,
ya faɗi kilo.

Sai Inna ta yi magana ta bayan zana:
Kilo? Gyaɗa ce?
Bijimai huɗu ta ci a gwanjon ma'aikatar gona,
da 'yan kunnena na aure,
shekarar da na yaye Lurwanu.
Ku tambayi sikelin ko ya san nauyin wannan.

Ni ne Lurwanu.
Na hau don in gwada makulli,
na ɗaga buhun da Baffa ke zama a kai,
sai ga littafi a ƙunshe cikin leda,
gumi da gas sun rina gefensa.
Gambo mai rake, kadada biyu, sai kaka.
Liman, fadama, rabi ya biya.
Tabawa da marayunta, shekara tara a jere,
kowace shekara da layi a kanta,
layin hannun Baffa, mai karkata.

Malam ya ce, bashi ma gado ne.
Ya haɗa lissafi, ya zarce tayin Na'iya.
Ya zo kan masu layi, ya daɗe,
sai ya rufe alƙalami.

Muka aro batirin lasifikar masallaci.
Na murɗa.
Ta yi tari, ta yi shiru.
Ta sake tari, ta tuna sunanta.
Baƙin hayaƙi ya hau tsamiya, kaji suka watse,
kafin ya baje Na'iya ya ƙara miliyan guda.

Na ce, Malam, sa ta a kasona,
Sabi'u ya ɗauki fadamar.
Aka shafa fatiha.

Ga ni yau da abin huɗa, babu gonar huɗawa.
Hadari na haɗuwa ta gabas,
jikan Tabawa na tsaye a ƙofar gida tun asuba.
Littafin da sauran shafi.